Kuɗin wutar gidan haya da maganar zagaye mita

Hajiya, tambayarki ta iso, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gan ta ba. Kin ce gidanku na haya a Aboabo ɗaki goma sha huɗu ne a kan mita ɗaya, ke ce mai tara kuɗin wuta, kuma duk wata sai an yi cacar baki kafin kuɗin ya cika, galibi a kan firizar da kike ƙanƙara da zoɓo a ciki. Kin tambaya yadda aka yi Ghana, ƙasar da take da madatsun ruwa na Akosombo da Bui, ga mai ga iskar gas ga rana, amma wutarta ke tsada haka. Sannan kin ce wani yaro mai aikin wayar lantarki ya yi muku tayin zai zagaye mitar, har ya kafa hujja da hadisin da ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kina son sanin ko yana da gaskiya.

Lissafin farashin makamashi shi ne aikina shekara da shekaru, kuma ni ma a irin gidanku na tashi a nan Kumasi, inda ake ƙirga kwan fitila da fanka da dutsen guga na kowane ɗaki kafin a raba kuɗi. Don haka zan fara da mitarku, domin a nan ne ake cutar ku a fili, kuma yawancin masu zama a zango ba su san da cutar ba.

Hukumar PURC, wadda aka kafa a 1997 don tsayar da farashin wuta da ruwa, ta ware wani rangwame na masu ƙaramin ƙarfi. Duk mitar da ba ta wuce yunit 30 a wata ba, ana sayar mata da wuta a farashin da bai kai rabin na sauran gidaje ba. A da iyakar yunit 50 ce, a 2022 aka sauko da ita 30. To mu ɗauki ɗaki ɗaya a gidanku. Fanka mai wat 60, awa takwas kullum, tana cin kimanin yunit 14 a wata. Kwan fitila biyu na zamani masu wat 9 ba su kai yunit 3 ba. Ƙaramar talabijin awa huɗu a rana, yunit 5. A haɗa da cajin waya, ɗakin bai wuce yunit 23 ba. Da mai wannan ɗaki yana da mitarsa, yana cikin masu rangwame. Amma ɗaki goma sha huɗu a kan mita ɗaya sun haura yunit 320, tun ba a kunna firizarki ba, ba a ɗora dutsen guga ko ɗaya ba. Mitar ba ta san cewa iyali goma sha huɗu ne a bayanta ba. Tana ganin gida ɗaya mai cin wuta, sai ta fitar da ku daga rangwame gaba ɗaya, kuma da zarar an ƙetare yunit 300 ta shigar da ku layin da ya fi kowanne tsada, layin masu na'urar sanyaya ɗaki a Nhyiaeso da Ahodwo. Tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe da kwan fitila ɗaya tana sayen yunit a farashin attajiri. Rangwamen da aka yi dominta kuma yana tafiya ga wanda yake da mitarsa shi kaɗai, wani lokaci ma gidan mai kuɗi ne da ba kowa a ciki sai mai gadi. An daɗe da sanin wannan a ofisoshin da ke lissafi. Abin da ya hana gyarawa shi ne mazauna gidajen haya ba su da bakin da ake ji.

Yanzu ga Akosombo. Mu da muka taso muna jin sunanta, mun ɗauka ita ce ke ba ƙasa wuta har gobe. Gaskiyar ita ce madatsun ruwa uku, Akosombo mai megawat 1,020 da Kpong mai 160 da Bui mai 400, ba sa ba mu fiye da sulusin wutar da muke sha, sai ɗan ƙari a shekarar da ruwa ya yi albarka. Kusan duk sauran daga tashoshin da ke ƙona iskar gas ko mai ne a Tema da Aboadze, da sabuwar da aka dawo da ita Anwomaso a 2024. Gas ɗin, ko na Atuabo ne ko na rijiyar Sankofa ko wanda ke zuwa ta bututu daga Najeriya, da dala ake lissafa shi. Masu tashoshin da dala suka ci bashi, da dala ake biyan su. Ke kuma da sidi kike sayar da ƙanƙara. A farkon 2022 dala ɗaya kimanin sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta ninka ta wuce. Shi ya sa aka ƙara kuɗin wuta da kashi 27 cikin 100 a Satumba 2022, aka sake ƙara kusan kashi 30 a Fabrairu 2023. Duk bayan wata uku PURC tana duba canjin dala da hauhawar farashi da kuɗin gas da yawan abin da madatsu suka bayar, daga nan take fitar da sabon farashi.

Ko a zamanin da wutar Akosombo take da araha, akwai waɗanda suka biya ta, kuma ina son ki riƙe wannan sosai, domin shi ne bakin zaren amsar duka. Lokacin da Nkrumah ya buɗe madatsar a Janairu 1966, tafkin da ya taru a bayanta ya shanye ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka zuba su a sababbin ƙauyuka 52. Cikin wuraren da ruwa ya ci har da tsohon garin Kete-Krachi, zangon fatake da kakanninmu suka raya a kan hanyar goro, inda Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Ciwon tsargiya ya yaɗu a bakin tafkin. Da yawa daga ƙauyukan da aka tasa sun yi shekaru masu yawa suna kallon manyan wayoyi na wucewa ta samansu, su kuma suna kunna aci-balbal. Babban mai shan wutar a lokacin shi ne kamfanin narka alminiyam na Valco a Tema, mallakin Kaiser da Reynolds na Amurka, wanda aka ƙulla masa farashin da bai kai sulusin santi ɗaya na dala ba a kan kowane yunit, na tsawon shekara talatin. Sai a tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1983, gwamnatin Rawlings ta zauna da su aka sake ciniki. Arewacin ƙasa, inda ruwan Volta ke gangarowa, bai samu layin wutar ba sai ƙarshen shekarun 1980. Kuma a Satumba da Oktoba 2023, da tafkin ya cika aka saki ruwa don kada madatsar ta karye, mutanen Mepe da Battor da Sogakope ne suka kwana a makarantu, dubban gidaje cikin ruwa.

Ba ina cewa gina Akosombo kuskure ne ba. Ba don ita ba da Ghana ba ta kai inda take, yau fiye da kashi 85 cikin 100 na jama'a suna da wuta, abin da ƙasashe kaɗan ne a yammacin Afirka suka kai. Abin da nake nunawa shi ne duk wutar da aka ce tana da araha, a nemi wanda ya cika gibin, kuma a tarihinmu kusan kullum wanda ba shi da murya ne.

Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kin san shi fiye da yadda zan ba ki labari, ke da ƙanƙara ke narke miki. Ya fara tsanani bayan Agusta 2012, lokacin da ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas na yammacin Afirka a gaɓar Togo, aka haɗu da ƙarancin ruwa a tafki da rashin kuɗin sayen mai. A 2015 an kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Teloli da masu walda a Suame Magazine da masu ɗakin sanyaya kifi a Asafo sun ga tashin hankali. Cikin wannan matsi gwamnati ta shiga sa hannu a yarjeniyoyi da kamfanoni masu zaman kansu, ciki har da jirgin ruwan Karpowership na Turkiyya da tashar AMERI. Mai jin ƙishirwa ba ya taya ruwa. Yawancin yarjeniyoyin an yi su a kan sharaɗin ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya. Kamar ki ɗauki shatar mota na wata guda ne: ko ta fita ko ta kwana a ƙofar gida, kuɗin direba na nan. Shi kansa sharaɗin ba zalunci ba ne, domin ba wanda zai zuba dala miliyan ɗari-ɗari ya gina tasha ba tare da tabbacin za a biya shi ba. Inda aka yi ɓarna shi ne an ɗauki shatar motoci fiye da fasinjan da ake da su, kuma da yawa ba a yi gasar farashi a fili kafin a ba da su ba. A 2019 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya gaya wa majalisa cewa ƙarfin tashoshin ƙasar ya haura megawat 5,000 alhali buƙata a lokacin da ta fi yawa kimanin 2,700 ce, kuma ana biyan sama da sidi biliyan 2.5 a shekara, wajen dala miliyan 500 a lokacin, a kan wutar da ba a sha ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu ne suka sa hannu, ku ne kuke askin.

Kada wani ya zo miki da cewa laifin jam'iyya ɗaya ne. Ɗaya ta sa hannu a yarjeniyoyin cikin gaggawa. Ɗayar ta rage kuɗin wutar gidaje da kashi 17.5 a 2018 alhali bashi yana taruwa, ta kuma miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanin PDS a Maris 2019, aka soke cinikin a cikin shekarar, ƙasa ta rasa tallafin dala miliyan 190 daga Amurka. Shi ya sa kike ganin abin mamaki, tashoshi sun yi yawa amma ana ɗauke wuta: injin yana nan, kuɗin gas ne babu, ko mai injin ya gaji da bin bashi ya kashe, kamar yadda Sunon Asogli ta yi a Oktoba 2024.

Bashin nan ba ya ɓacewa. Tun 2015 aka yi dokar harajin makamashi da ake ɗorawa a kan kowace litar fetur da dizal don biyan sa, kuma a Yuli 2025 aka ƙara sidi ɗaya a kan lita. Ma'ana, kayayo, wato mai dakon kaya, da ta hau motar haya ta trotro daga Kejetia, da manomin da ke ƙauyen da ko turken wuta bai kai ba amma yana biyan kuɗin motar da za ta kai doyarsa kasuwa, duk suna biyan bashin wutar da ba su sha ba.

To sai maganar yaron nan da hadisinsa. Hadisin sananne ne, kuma ina ganin ya fi ƙarfin yadda yaron ya ɗauke shi. Malaman fiƙihu da suka yi bayaninsa sun ce ruwan da ake tarayya a kai shi ne na kogi da tafki da ruwan sama, ciyawar ita ce ta dajin da ba mallakin kowa ba, wutar kuma ita ce haskenta da ɗuminta da ɗiban garwashi, wasu suka ce har da itacen dajin da ake hura ta da shi. Amma sun yi ittifaƙi cewa wanda ya je kogi ya ɗebo ruwa a tulunsa, ruwan ya zama nasa, yana iya sayarwa. Ke da kanki kina sayar da ƙanƙara, kuma ba wanda zai buɗe firizarki ya ɗauka ya ce ai ruwa na kowa ne. Kogin Volta na kowa ne, rana ta kowa ce. Abin da ke shigowa ta wayar gidanku kuwa an ɗebo shi ne: an sayi gas, an gina injin, an kafa turaku daga Aboadze zuwa Aboabo, akwai ma'aikacin da ya hau turke cikin ruwan sama. Don haka hadisin bai halatta zagaye mita ba. Abin da yake koyarwa, a fahimtata, shi ne abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi ba a barin farashi ya toshe wa talaka hanyarsa. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan hukuma, cewa rangwamen yunit 30 haƙƙinku ne kuma wajibi ne a isar muku da shi, ba a bar shi a takarda ba.

Kuma ki duba wanda asarar ke faɗawa a kansa. Yaron yana ganin kamfani ne zai yi asara, ko gwamnati. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da kamfanin rarraba wuta na ECG ke saya ba ya dawowa a matsayin kuɗi. Wani ɓangare yana zubewa a tsofaffin wayoyi da taransifoma, wani ana sace shi. Wani kaso na wannan asarar an riga an saka shi a cikin farashin da mai biya yake biya. Abin da ya ragu ya koma bashi, bashin ya koma harajin lita da na faɗa miki. Idan kuka zagaye mita, kuɗinku zai koma kan gidan da ke bayanku da bai zagaye ba, da kan kayayon nan. Sannan wutar da ba a biya ba a tsimin ta, sai a bar komai a kunne, taransifomar unguwa ta yi nauyi, wuta ta riƙa zuwa rabi-rabi tana ƙona firiza, wata rana ta buga gaba ɗaya a yi mako cikin duhu. Ga haɗarin gobara a gidan da ɗakuna ke manne da juna kuma ƙofar fita ɗaya ce. Ranar da aka kama kuma, ke mai tara kuɗi da mai gida za a nema, a lissafa muku wutar baya a ɗora tara.

Ban yarda a tsaya a kan 'yan zango ba idan ana wannan magana, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da aka yi haka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wutar da otal ɗaya ko masana'anta ɗaya ke sacewa ta fi ta layi guda na ɗakunan haya. Ma'aikatun gwamnati sun shekara suna shan wuta ba sa biya, har ta kai a Fabrairu 2024 an yanke wa majalisar dokoki kanta wuta a kan bashin sidi miliyan 23. Hukumar da ba ta biyan nata ba ta da bakin yi wa mai kwan fitila ɗaya wa'azi. Sai dai rashin gaskiyar babba ba ya mayar da kuɗin maƙwabcinki halal a gare ki, kuma ba na son gidanku ya shiga sahun masu jefa wa na ƙasa da su kaya, bayan ku ma abin da ake yi muku ke nan.

Da wannan ma'aunin nake kallon masu kiran a rage kuɗin wuta ga kowa da kowa. Kira ne mai daɗin ji, amma idan aka rage kashi 20, mai cin yunit 1,000 ya samu rangwamen da ya ninka na mai cin yunit 25 sau arba'in ko fiye. Kuɗin da za a cika gibin da shi daga baitulmali zai fito, wato daga kuɗin asibiti da makaranta. Na fi son a bar mai yawan sha ya biya cikakken farashi, a raba wa gidajen haya mita, a tilasta wa ma'aikatu biyan nasu, a kuma buga kowace yarjejeniyar sayen wuta a fili tun kafin a sa hannu.

Kin ambaci rana. Hasken rana yanzu yana cikin hanyoyin samar da wuta mafi araha a duniya, kuma Ghana ta yi jinkiri ƙwarai. An yi dokar makamashi mai sabuntuwa tun 2011 da burin kai kashi 10 cikin 100 a 2020, aka ɗaga zuwa 2030. An fara da ƙaramar tashar Navrongo a 2013, daga baya aka yi na Lawra da Kaleo da na Bui, har da faifan sola da ke shawagi a kan tafkin, amma duka ba su kai kashi 2 cikin 100 na wutarmu ba. Dalili ɗaya shi ne ƙasar da ta riga ta ɗauki shatar tashoshin gas fiye da buƙata ba ta da wurin sabon mai sayarwa. Dalili na biyu, lokacin da muka fi shan wuta daga magariba ne zuwa wajen ƙarfe goma, rana ta faɗi, batir kuma shi ne mai tsadar. Akwai wani abu da ke damuna a nan. Masu hali ne ke iya sa sola a rufinsu, kuma su ne masu biyan farashi mai tsada da ake tallafa wa na ƙasa da shi. Duk wanda ya fita, kuɗin turaku da wayoyi da bashin dala ya rage a kan waɗanda ba su iya fita ba, su ne masu haya da ba su da rufin kansu. Sola alheri ce, amma idan aka bar ta ga mai kuɗi kaɗai za ta ƙara wa irin gidanku nauyi. Ke kam sana'arki ta dace da ita fiye da ta mutane da yawa, domin firiza mai kyau da ta daskare da rana tana riƙe sanyi har dare, ƙanƙarar ita ce batir ɗinki. In har za ki gwada, ki nemi wanda zai auna cin firizar tukuna kafin ya faɗa miki yawan faifan, kuma sai da yardar mai gida.

A kan sauyin yanayi ba zan tsawaita ba. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wasu suka ja, mu yake duka: fari ya ƙafar da tafki a 1983 da 1998 da 2007, ambaliya ta zo a 2023. Don haka ban ga adalci ba a ce Ghana ta bar gas ɗinta a ƙasa alhali waɗanda suka yi arziki da kwal suna ci gaba da ƙona nasu. Gwamnati ta sa 2060 a matsayin shekarar da za ta daidaita hayaƙinta, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba. Ni abin da nake tsoro ya fi kusa: kada mu sake ɗaure jikokinmu da sababbin yarjeniyoyin dala na shekara ashirin, a daidai lokacin da sola da batir ke ƙara sauƙi duk shekara.

Akwai wata wutar da ba ki tambaya ba, kuma a ganina ta fi ta mita cin rai, wato ta kurfoti. Ƙidayar 2021 ta nuna gidajen da ke girki da gas ba su wuce kimanin kashi 37 cikin 100 ba, fiye da rabi suna kan itace da gawayi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, kuma mata da yaran da ke goye ne suka fi shaƙa. Duk wanda ya tashi a zango ya san tarin masu waakye da masu koko da tuwon zafi, da jan idon da ba ya warkewa. Buhunan gawayin da manyan motoci ke saukewa a Kumasi daga Kintampo da Atebubu da ƙasar Gonja da Sisala suke zuwa, kuma cikin itatuwan da ake sarewa har da kaɗanya, wadda matan can ke dogaro da ita su sami kuɗin makarantar 'ya'yansu. Gawayin yana da araha a hannunmu ne saboda ba a saka kuɗin bishiyar da huhun mai girki a cikin farashinsa ba. Mai ƙona shi ma ba mugu ba ne, talauci ne ya kai shi daji. Kuma mace ba ta zaɓi gawayi don jahilci ba: gawayi ana sayen na sidi biyar a yi girkin yau, gas kuwa sai an tara kuɗin tukunya da murhu da na cikawa a lokaci ɗaya, ga tsoron da gobarar tashar gas ta Atomic Junction a Accra a 2017 ta bari a zukata. Da ni ake tambaya inda za a sa kuɗin tallafi, da na ce a cire harajin da ke kan gas ɗin girki, a yawaita ƙananan tukwane da wuraren musanya a cikin unguwanni, kafin a taɓa farashin lantarki na masu na'urar sanyi.

Abin da za ku yi a gidanku kuwa, ki tara masu haya da mai gida ki yi musu lissafin yunit 23 da na yi miki, kowa ya ga abin da yake asara duk wata. Ku nemi raba mita a ofishin ECG na gundumarku, da takardar yardar mai gida da katin ɗan ƙasa, ku biya a kanta ku karɓi rasit, kada ku bi ta hannun ɗan tsakiya. In ba za a samu goma sha huɗu a lokaci ɗaya ba, ko uku ko huɗu aka samu za su sauko da ku daga layi mai tsada. Firizarki ita ce ta farko da ya kamata ta fita, domin sana'a ce, kuma adalci ne ki ɗauke wa tsohuwar ɗakin ƙarshe nauyinta. Kafin mitar ta zo, akwai ƙaramin ma'auni da ake sayarwa a shagunan kayan wuta a Adum, a ɗaura wa firizar ki riƙa biyan abin da ta ci daidai. Idan takardunku suka kwanta, PURC tana da ofishi a nan Kumasi kuma kai ƙara kyauta ne. Ku tafi da ɗan majalisar unguwa, in da hali gidaje goma su haɗa takarda ɗaya ta hannun kwamitin masallaci, an fi saurin sauraron taro.

Yaron kuma kada ki kore shi. Raba mita yana buƙatar a sake jan wayar kowane ɗaki daban, kuma doka ta ce sai mai shaidar Hukumar Makamashi ne zai sa hannu a kan aikin kafin a ɗaura sabuwar mita. Ki tambaye shi ko yana da shaidar. In ba shi da ita, hukumar tana shirya jarrabawar, ya je ya zauna, aikin ɗaki goma sha huɗu na jiran sa a gidanku kaɗai.